Rigakafin infuluwenza a sashen gaggawa: kurakuran sababbin ma'aikata

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne a sallami majiyyaci da "ka je wajen likitanka a yi maka". Da yawa daga masu zuwa sashen gaggawa ba su da wani likitan da suke gani, idan suka fita sun fita ke nan. In akwai allurar a firij, kuma wanda ya zo da targaɗe ko yanka in ban da wannan jikinsa lafiya lau, a yi masa tayi tun yana zaman jira, a yi masa 0.5 ml a tsokar dantse. Mai zazzaɓi mai zafi ko ciwo mai tsanani shi ake ɗaga wa har ya warware.

Na biyu ya fi ban haushi. Ma'aikaci ya ce "rigakafin mura" ya yi shiru, alhali a kunnen mai sauraro mura atishawa ce da yoyon hanci. Ran da ta kama shi zai ce allurar banza ce, ya kuma hana iyalinsa. Haba! Minti ɗaya ya isa ka ce: "Baba, wannan ta infuluwenza ce, mai kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon jiki, wadda kan rikiɗe ta zama ciwon huhu ga tsofaffi da masu asma, ciwon suga ko ciwon zuciya." Ka ƙara da cewa sai bayan kamar mako 2 kariyar ke kankama, kuma allurar ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, don haka ba ta sa cutar. Ciwon dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana 1 zuwa 2 ba abin tsoro ba ne. In ba ka faɗa masa ba, duk abin da ya same shi a makon kan allurar zai ɗora.

Miƙa takarda ba bayani ba ne. Ka sa shi ya maimaita da bakinsa.

Kada a tsallake mai juna biyu, ana yi mata a kowane wata na ciki. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 8 da ba a taɓa yi wa ba allura biyu yake buƙata, da tazarar aƙalla mako 4, sai a rubuta wa uwar ranar dawowa. Wanda ya ce an yi masa bara a sake masa, ƙwayar cutar na sauya kama. A tambayi ko allurar baya ta taɓa jawo masa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi. Firij ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Kwalbar da ta daskare ta lalace.