Daga tulin gwanjo zuwa ginin zaure: aiki da bulon LEGO a Jos

Duk wanda ya taɓa tambayar farashin sabon kwalin LEGO na manya, wato 'yan bulon roba na wasa da ake harhaɗawa a yi gini, ya san ba harkar da ake shiga da garaje ba ce. Kwalin jirgin ruwan Titanic da kamfanin ya fitar a 2021 guda 9,090 ne a cikinsa, idan an gama haɗawa tsawonsa santimita 135, kuma kafin irinsa ya iso Jos kuɗin dako kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake shawara. Hanyar da ta fi dacewa da aljihu ita ce gwanjo. Masu kwance dilar kayan wasan yara a kasuwannin gwanjo irin su Katako kan samu bulon a zube, cakuɗe da ƙafar 'yartsana da tayar mota da tarkace kala-kala. Abin da ya sa wannan hanya take ɓullewa shi ne awon bulon bai sauya ba tun da kamfanin, wanda ke garin Billund a ƙasar Denmak, ya yi rajistar ƙirarsa a 1958. Bulon da aka buga shekara hamsin baya zai hau kan na bana ya kama daram.

A wurin saye

Kada ka je hannu rabbana. Ka sa bulo ɗaya na asali a aljihu, mai maɓalli takwas, wato 2x4, wanda ka tabbatar da shi. Maɓalli muke kiran 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke saman bulo. A kan kowane maɓalli na bulon asali an rubuta LEGO da ƙananan haruffa, a ƙarƙashinsa kuma galibi akwai lambar ƙira. Ta 2x4 ita ce 3001. Wanda maɓallinsa ya zo fayau ba rubutu, ko da wata alama dabam, na wani kamfani ne. Ba duka ne marasa kyau ba, amma bai kamata a biya su kuɗin na asali ba, kuma da yawansu ko dai su kama da ƙarfin tsiya har sai an sha wuya wajen rabawa, ko su yi sako-sako bango ya riƙa ɓallewa. Arha ba ta ado. Ɗebi hannu uku daga wurare dabam-dabam na tulin, sama da tsakiya da ƙasa, ka ƙirga na asali nawa ne a cikin kowane ashirin, sannan ka fara ciniki.

Idan mai kaya zai yarda, a yi cinikin a kan sikeli. Bulon 2x4 nauyinsa giram 2.3 ne ko kusa da haka, wato wajen 430 ke nan a kilo, amma tulin da ke da ƙananan guntaye ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi amfani ga mai gini. Manyan bulo na jarirai, Duplo, ninki biyu ne a kowane ɓangare, suna cin nauyi ba su da wani amfani a aikin da za mu yi, a ware su. A bar duk wanda aka tauna da haƙori, da wanda ya yi farin tabo a inda ya lanƙwashe, da wanda aka liƙe da gam. Masu launin jan ƙasa mai duhu da ja mai duhu na wasu shekarun baya sun yi ƙaurin suna wajen tsagewa, musamman siraran, saboda haka a ɗaga su a haske a duba gefensu.

Wanki

Robar da ake yin bulon da ita, ABS, wadda kamfanin ya koma wa tun 1963, tana da ƙwari amma ba ta son zafi. Kamfanin da kansa ya ce kada ruwan wanki ya wuce digiri 40, wato ruwan da za ka bar hannunka a ciki ba ka ji ƙuna ba. Ruwan da ya fi haka yakan sa bulo ya ɗan murɗe, ido ba zai gani ba, sai an zo gini a ga ya daina kamawa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

A rarraba komai tukuna, kada a jiƙa su a haɗe, datti a tsakani yake maƙalewa. A ware masu sitika, da masu waya ko batir, waɗannan gogewa ake yi da tsumma mai ɗan laima. Masu kama da gilashi kuma a wanke su dabam, don gogayya da sauran tana zana musu jiki. Ragowar a zuba a baho, ruwa lita biyar, cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, a bar su rabin awa, a cuɗa da hannu, masu taurin datti a bi su da tsohon burushin haƙori. Wurin ɗauraya ne ake asara: ƙananan guntaye kan bi ruwa su shige kwata. A juye a kwandon roba mai ƙananan huji, a shimfiɗa tsohon gidan sauro a cikinsa. Idan ruwan rijiyarku ko na bohol yana barin farin tabo a kan kofi, zai bar shi a kan baƙin bulo ma, sai a yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan leda. Fetur, da tina, da man goge farce kada su kusanci bulo, suna cin robar.

A shanya a kan tawul a inuwa, a cikin ɗaki. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, amma a rufe da mayafi mai shara-shara, in ba haka ba ƙura ta mayar da aikin baya. Da damina ruwa kan kwana biyu a cikin bututun da ke ƙarƙashin bulo, sai an riƙa juya su ana girgizawa, ko a kunna musu fanka.

Farin bulo da ya koma ruwan ɗorawa, rana ce ta yi masa haka. Ana iya dawo da shi: a jiƙa a ruwan haidurojin ferokzayid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, irin na kemis, a kwalba mai haske, a ajiye a rana awa uku zuwa shida ana juyawa, da safar hannu. Fari da ruwan toka kawai za a yi wa wannan, masu launi kan yi dabbare-dabbare. A kuma sani cewa rawayar takan dawo bayan wani lokaci. Mu dai shawararmu, farin da ya dishe kada a wahalar da shi, yana da kyau ƙwarai a bangon tsohon gini.

Warewa

Kusan kowa da launi yake fara warewa, kuma kuskure ne. Nemo ƙaramin jan gunto a cikin roba cike da jajaye aiki ne ja, alhali nemo ja a cikin roba mai 1x1 zalla ba ya ɗaukar ƙiftawar ido. Da siffa ake warewa. Kaso shida sun isa farawa: bulo, falle (siraran), tayil (siraran da ba maɓalli a samansu), masu gangare, masu maɓalli a gefe, sai na injina masu huji da sanduna. Duk kason da robarsa ta cika, a raba shi biyu bisa girma. Robobin tekawe masu murfi da ledoji masu zif sun wadatar. Kada a adana falle a liƙe da juna, raba su azaba ce. Idan ta kama, da 'yar maɓamɓarar roba ruwan lemo da ke zuwa a manyan kwalaye ake yi, ba da haƙori ko wuƙa ba.

Abu ɗaya game da launi: a 2004 kamfanin ya sauya ruwan tokarsa, tsohon yana da ɗan rawaya-rawaya, sabon yana da ɗan shuɗi-shuɗi. A tulin gwanjo dukansu biyu za ka samu, da fitilar dare ba a bambance su, sai da rana a ga bango ya yi kyalle-kyalle. A ware su da hasken rana.

Idan ka ga alamar cewa tulin ya haɗiye wani kwali sukutum, lambar kwalin ake nema. Shafin kamfanin yana ba da littattafan umarni kyauta, shafin BrickLink, kasuwar intanet ta kayan LEGO wadda kamfanin ya saya a 2019, yana da jerin kayan kowane kwali. Kada a yi odar gunto biyar daga waje, dakon zai ninka kuɗin kayan. A tara buƙatun mutum uku ko huɗu a yi sau ɗaya.

Awon da ya kamata a haddace

Daga tsakiyar maɓalli zuwa na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin bulo 9.6, na falle 3.2, saboda haka falle uku bulo ɗaya ne. Wanda ya fi muhimmanci shi ne falle biyar daidai suke da faɗin maɓalli biyu, milimita 16. Da wannan lissafin ake manna kaya a jikin bango a tsaye: bulo mai maɓalli a gefe (lambar ƙirarsa 87087), falle biyu a kansa, sannan wani irinsa, sai maɓallan gefen biyu su yi daidai da falle mai tsawon uku. Idan aka jera su ba fallen nan biyu a tsakani, abin ba zai hau ba, wanda ya danna da ƙarfi kuma ya tsaga kayansa.

Ginin zaure

Kafin a sa bulo ko ɗaya, a je gidan tarihi na Jos, ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da ƙasa. A ɗauki hoton zanko da rawani da indararo daga kusa. Mai gini daga ƙwaƙwalwa yakan yi zanko ya fi ƙarfin ginin.

Zauren da za mu yi maɓalli 12 ne ta kowane ɓangare, wato santimita 9.6, a kan falle mai 16x16. A matsa da shi baya, a bar layi uku a gaba. Bango mai kaurin maɓalli ɗaya, kowane sahu yana cin maɓalli 44, sahu takwas kuma 352, tsayinsa ya kusa santimita 8. Ƙofa biyu, kowace faɗin huɗu tsayin sahu biyar, a sahu na shida a ɗora baka mai 1x6 (3455). Idan aka cire ƙofofin da bakan, maɓalli 300 ya rage a cike: 1x4 guda 55, 1x3 guda 12, 1x2 guda 16, 1x1 guda 12. A tanadi ƙarin goma-goma, lissafin takarda ba ya cika faɗawa daidai. Launin yashi, wanda masu sayarwa ke rubuta wa Tan, shi ya fi samuwa. A yayyafa masa mai duhunsa nan da can, ɗaya cikin shida, ba a jere ba, don bangon ƙasa ba ya zuwa launi ɗaya.

Ƙofar waje a tsakiyar bangon gaba. Ta cikin gida kada ta yi saitin ta waje, a kai ta bangon gefe can wajen baya, kamar yadda magina ke yi don mai wucewa kada ya hango tsakar gida. Wanda ya yi su saiti ya gina shago ne.

Ƙa'idar birkila ita ce ta nan: gaɓa ba ta hawa kan gaɓa. A kusurwa, idan bulon gaba ne ya ci kwana a sahun farko, na gefe ne zai ci a na biyu. Nan 1x3 ke da amfani, gefen ƙofa sahu ɗaya 1x4, na samansa 1x3. Idan aka bar gaɓoɓi suka jeru sahu uku, bango zai buɗe a nan ranar da aka ɗaga shi. A riƙa danna kowane sahu da tafin hannu a kan tebur mai ƙwari. Ratar da ba ta kai kaurin takarda ba, in ta taru sahu takwas, baka ba zai zauna ba.

Rufi a yi shi mai ɗaguwa. A saman bango a sa falle 1x2 a kusurwa huɗu, tsakaninsu a shimfiɗa tayil, yadda maɓalli takwas kaɗai za su riƙe rufin. Rufin kansa falle biyu ne masu 6x12. A ƙarƙashinsu a gicciya falle huɗu masu 1x10 su tsallake gaɓar, suna ɗaure rufin, mai leƙe ta ƙofa kuma zai gan su kamar azara. Sai sahu ɗaya na bulo a zagaye bakin rufin, wato rawani, ƙarin maɓalli 44. A cikin wannan sahun, ta bangon baya, a sa 87087 guda biyu suna kallon waje, a cusa wa kowane bulo 1x1 mai zagaye, indararo ke nan. Zanko bulo 1x1 ne da ɗan tsini mai siffar mazurari a kansa, huɗu a kusurwoyi, biyu a saman ƙofa. Dakali kuwa bulon 2x4 ɗaya a kowane gefen ƙofa, a lulluɓe shi da tayil, ya yi cif-cif da bangon.

Ajiya

Sanyin Jos yana ruɗar mutane. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ranarsa tana da ƙarfi ko da jiki bai ji zafinta ba, kuma gini da aka ajiye a bakin taga ɓangarensa ɗaya zai dishe ya bar ɗayan. A nemi bangon da rana ba ta taɓawa. Kada kuma a bar kaya a cikin mota a rufe da tsakar rana.

Ƙurar hunturu tana zama ne a tsakanin maɓallai, inda tsumma ba ya kaiwa, idan ta sha laimar damina sai ta daskare. Shogilas mai rufuwa da kyau shi ne magani, a bi gefen ƙofarsa da siririn soso. Abin da ke waje kuma a bi shi da burushin kwalliya mai laushi sau ɗaya a mako, daga sama zuwa ƙasa, a cire zankwayen tukuna don su ne ke fara tsalle. A gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara uku, robobin ƙananan guntaye su hau can saman kwaba, ko a sa musu makulli, kuma a share ƙasa da hannu bayan kowane zama, domin 1x1 mai zagaye yana iya shaƙe yaro.