Ku daina loda LISP da hannu kowace safiya

Ƴan uwa masu zanen gidaje da filaye a nan Yamai, ku bar AutoCAD ya riƙa ɗauko fayilolinku na LISP, wato ƙananan shirye-shiryen da suke ƙara masa umarni, da kansa.

Ku buɗe Notepad, ku rubuta layi ɗaya ga kowane fayil, kamar haka:

(load "C:/LISP/fili.lsp")

Ku ajiye shi da sunan acaddoc.lsp, a jakar da kuka ƙara cikin hanyoyin da AutoCAD yake neman fayiloli, can cikin Options. Shi ke nan.

Duk zanen da kuka buɗe, sai AutoCAD ya nemi wannan suna ya karanta. Acad.lsp kuwa, wani fayil mai irin wannan aiki, sau ɗaya ake karanta shi, lokacin tashin manhajar, shi ya sa zane na biyu yake cewa bai san umarninku ba. Ni acaddoc na fi so, ya fi jerin fayilolin da ake sawa cikin umarnin _APPLOAD sauƙin kwashewa zuwa wata kwamfuta.

Ku lura da sandar nan /. Idan kuka sa \ guda ɗaya, ba zai gane hanyar ba.

Tun daga AutoCAD 2014, in jakar ba ta cikin TRUSTEDPATHS, wato jerin jakunkunan da ya amince da su, sai ya yi ta tambayarku izini. Mai AutoCAD LT kuma, wato ƙaramin samfurinsa, in nasa bai kai na 2024 ba, kada ya wahalar da kansa, LISP ba ya aiki.

Wani acaddoc.lsp da kuka tarar kusa da zane a makullin USB na abokin aiki, ku goge shi kafin ku buɗe zanen. Ta nan ƙwayar cutar kwamfuta take yawo tsakanin ofisoshi.