Yadda unguwa za ta shirya kafin gobarar daji ko ambaliya ta zo

Yawancin gidajen da ke ƙonewa a gobarar daji ba harshen wutar ne ke fara kama su ba, tartsatsi ne da iska ke kwasowa, yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya ya sauka kan busasshen ganyen da ya taru a rufi ko lungun da aka jibge itace, shikenan gida ya kama tun wutar ba ta iso ba.

To a fara daga jikin bango. Mita ɗaya da rabi kewaye da gida kar a bar komai mai cin wuta, itace ne, kwali ne, jarkar fetur ko tukunyar gas, duk a matsar da su. Daga nan har wajen mita 30 a nome busasshiyar ciyawa, a sassare rassan da suka sauko ƙasa da waɗanda suka leƙo kan rufi. Mai gida a kan tudu ya ƙara faɗin wajen gangare, don wuta ta fi gudu in tana hawa. Amma fa in ka share naka maƙwabci bai share ba ka yi aikin banza, shi ya sa gara a sa rana kowa ya fito a yi tare kafin ciyawa ta gama bushewa.

Inda aka fi sakaci, a ganina, shi ne maganar fita. A garin Paradise da kewayensa, a jihar Kalifoniya ta Amurka, a 2018 wuta ta kashe mutum 85, akasarinsu tsofaffi, wasu a gida wasu cikin mota a cunkoso. A gobarar garin Lahaina na jihar Hawai a 2023 akwai jiniyar gargaɗi amma ba a kunna ta ba. Don haka ku zauna tun ana zaman lafiya ku fitar da hanya biyu ta barin unguwa, da wurin haɗuwa, sannan a rubuta sunan duk wanda ba zai iya fita da kansa ba, tsoho, mara lafiya, mai ciki, nakasasshe, kowanne a ce wane ne zai ɗauko shi, da sunansa, ba wai "wani zai taimaka" ba. Kar a dogara da waya kaɗai, sabis na iya ɗaukewa. Bangladesh bayan guguwar 1970 da ta kashe aƙalla mutum 300,000 ta horar da 'yan sa-kai masu bi gida-gida da lasifika, kuma mace-macen sun ragu sosai.

Kowane gida ya haɗa jaka ɗaya kusa da ƙofa: magunguna, tocila, rediyo mai batir, caja, takardu cikin leda, da ruwan sha kamar lita 4 ga kowane mutum a rana na kwana 3. Da an ce a fita a fita, ba sai an ga wuta da ido ba, hayaƙi kaɗai na iya kayar da mutum.

Wannan shirin dai shi ne na ambaliya, sai dai wurin haɗuwa ya zama kan tudu. Kuma don Allah kar a ratsa ruwa mai gudu, santimita 15 ya isa ya kayar da babba, 30 kuma ya ɗaga ƙaramar mota. A gayyato 'yan kwana-kwana a yi gwajin fita ko sau ɗaya a shekara, wani lokacin da daddare.