Yadda za ka bi hanyar Milford da motar kwana (mota mai wurin kwanciya a ciki) a Niyu Zilan

1. Cika tankinka a garin Te Anau. Daga nan zuwa Milford Sound, mashigin teku a tsakanin duwatsu inda hanyar ta ƙare, kusan kilomita 120 ne, kuma babu gidan mai a tsakani.

2. Yi sammako, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika hanya. Hannun hagu ake bi.

3. Idan lokacin sanyi ne, kamar Yuni zuwa Agusta, tafi da sarƙar taya saboda ƙanƙara.

4. Tsaya a ƙananan tafkunan da ake kira Mirror Lakes. Da safe ruwan a kwance yake lif, duwatsu na bayyana a cikinsa kamar madubi. Wannan tsayawar ta fi duk gaggawar da kake yi.

5. A bakin ramin Homer, hanyar da aka haƙa ta cikin dutse mai tsawon kilomita 1.2, jira fitila ta ba ka hannu. Nan aku mai suna kea yakan sauko ya fara yagar robar gilashi da bakinsa. Rufe taga, kada ka ba shi abinci.

6. Bayan ramin gangara ce mai lanƙwasa. Sa ƙaramin giya, motar kwana na da nauyi, birki zai yi zafi.