Matakan Gabatar da Jawabi a Gaban Jama'a

Da farko ka san waɗanda za su saurare ka: ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa daban, dattawan Ƙofar Soro daban. Ka tsayar da magana guda, ka rubuta kanunta a 'yar takarda.

Sai gwaji. Tara ƙannenka ka yi musu jawabin, agogo a hannu. Duk inda suka fara latsa waya, nan za ka rage.

Ranar taro ka isa da wuri ka gwada lasifika. Yi sallama, ka gaida manya a taƙaice, don jero sarautu yana cin lokaci. Mutane za ka riƙa kallo, kada ka dogara da majigi, wuta tana iya ɗaukewa. Ka gama kafin kiran azahar, ka bar lokacin tambayoyi.