Babi na Bakwai: Karanta Lambobin Buhun Taki

Darasi na 1: Lambobi uku

'Yan'uwa, kowa ya ɗauko buhun takin zamani, ko da wanda aka zazzage ne. Ku shimfiɗa shi a ƙasa, rubutun yana kallonku. Za ku ga lambobi uku a jere, da ɗan layi tsakaninsu, kamar haka: 18-46-0. Su kaɗai muke nema yau. Zanen ganye da sunan kamfani ba ruwanmu da su.

Ku ɗora yatsa a kan lambar da ke hannun hagu. Daga nan ake farawa. Mu mutanen Mai Wurno da Sinnar da ƙauyukan Jazira a nan Sudan idonmu ya saba da allo da rubutun Larabci, shi ya sa yake gudu zuwa dama da kansa. Ba laifinku ba ne. Amma lambobin buhu daga hagu suke tafiya zuwa dama. Ku ɗaga hannun hagu. To, daga wannan gefen.

Lamba ta farko, ta hagu, ita ce naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar, kara ya miƙe. Ta tsakiya fosfet ce, mai ƙarfafa saiwa tun shuka tana ƙarama. Ta uku, ta dama, ita ce fotash, mai taimakon shuka ta jure ƙishi da cuta, ƙwaya ta cika. A wasu buhunan za ku ga haruffa N, P, K. Jerin ɗaya ne: N a hagu, K a dama.

Mu gwada. 18-46-0. Yatsa a hagu: 18, naitirojin. Tsakiya: 46, fosfet. Dama: 0, wato babu fotash ko kaɗan. Wannan shi ne takin da ake kira DAP. Wanda ya fara daga dama zai ce buhun ba shi da naitirojin kuma yana da fotash 18, ya juya gaskiya ke nan.

Wani kuma: 46-0-0. Ina za a sa yatsa? Hagu. Wannan yuriya ce, farar nan da kowa ya sani, ta ganye ce zalla. Sai 0-0-60. Yatsa a hagu: sifili. Tsakiya: sifili. Dama: 60. Wannan fotash ne zalla, yawanci ja-ja ne, wani lokaci fari. Ku lura da kyau, 46-0-0 da 0-0-60 sun yi kama ga mai gaggawa, alhali aikinsu ya sha bamban. Baba, a sake sa yatsa a hagu. Inna, ke ma haka, ba kunya a wurin koyo.

Akwai wani tarko. Biyar ta rubutun Larabci zagaye take, kamar sifilin boko. In kun ga 0 a jikin buhun da aka rubuta da lambobin boko, sifili ne, ba biyar ba.

Darasi na 2: Kilo nawa ke ciki?

Lambar tana faɗin kaso ne cikin ɗari. Buhunmu kilo 50 ne, rabin ɗari, don haka ku raba lambar biyu. Yuriya 46, rabinta 23: kilo 23 na naitirojin a buhu. Fotash 60, rabinsa 30. DAP kuwa, daga hagu, kilo 9 na naitirojin, kilo 23 na fosfet. Buhun 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi na kowanne.

A nan zan yi muku faɗa. Mutum ya yi noman alkama ko dawa shekara da shekaru, ya ci bashi don sayen taki, amma ya tsaya gaban ɗan kasuwa ya ce "ba ni mai kyau", bai ko kalli lambar ba. Wane irin sakaci ne wannan? Kun iya ƙirga buhunan gyaɗa ba ku taɓa kuskure ba, lambobi uku ne za su gagare ku? Kuma har yanzu akwai masu farawa daga dama. Hagu na ce.

Baƙar ƙasar laka ta Jazira, mai tsagewa da rani, an san tana da fotash daidai gwargwado. Abin da ta fi rashi shi ne naitirojin, sai fosfet. Don haka mai hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi a Jazira, ya tambayi malamin gona kafin ya kashe kuɗi a kan lamba ta uku. Mai gonar yashi da mai lambun ayaba ko tumatir su ne suka fi bukatarta. Tokar murhu ma tana da fotash kaɗan, kada a zubar a bola. Kanwa kuwa ba taki ba ce, kada wani ya ruɗe ku ku zuba ta a gona.

Darasi na 3: Me ya sa lamba ta uku take tsada?

Fotash gishiri ne na tsohon teku da ya ƙafe, ƙasashe kaɗan ne ke da shi. Kanada ce kan gaba, a lardin Saskachewan, inda ake haƙo shi daga zurfin kusan kilomita ɗaya, a loda a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Akwai garuruwan da ramin ne gonarsu, kamar Estahazi. Sai Rasha da Belarus. Garin Soligosk na Belarus saboda haƙar aka kafa shi a 1958. Arzikin yana zuwa da nasa ciwon: a Berezniki ta Rasha ruwa ya cika wani rami a 2006, a 2007 ƙasa ta rufta a gefen gari. Jodan ba ta haƙa, ruwan Mataccen Teku take shanyawa a rana, ta fitar da fotash ta tashar Akaba, a kan Bahar Maliya ɗin nan da Bur Sudan take.

A 2021 aka sa wa Belarus takunkumi, a 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Mu kuma da muke shigo da shi ta Bur Sudan, ga kuɗin jirgi, ga na mota, ga yaƙin da ya same mu tun Afrilun 2023. Saudiyya tana yin yuriya a Jubail da DAP a Ras Al-Khair, amma wannan lamba ta farko da ta biyu ke nan, in an ƙirga daga hagu.

Darasi na 4: Ajiya

A ɗora buhu a kan katako, ban da dandaryar ƙasa. Yuriya tana shan danshi ta dunƙule. A ɗaure bakin buhu, a nisanta shi da yara da awaki.

Darasi na 5: Aikin gida

Kowa ya kwafo lambobin buhu biyu a takarda, ya raba kowace lamba biyu. A kawo ranar Asabar.