Babi na 6: Kafa tafkin wanka na tampol da haɗa masa fayif

Darasi na 1: Ƙasa tukuna

Idan zafin Maris da Afrilu ya sauka a Zariya, yara ba sa jin kira. Sai ka ji an ce sun tafi kogin Galma ko Kubanni, hankalin uwa ya tashi. Shi ya sa wasu daga cikinku suka nemi a koya musu tafkin nan da ake kafawa a bisa ƙasa ba sai an haƙa rami ba, wato tampol mai kauri da ƙarafan da ke riƙe shi. Wasu don 'ya'yansu suke so, wasu don su sami na cefane da sallah idan yaran unguwa sun zo wanka. Aikin duk ɗaya ne.

Kada ku buɗe kwalin tukuna. Ku bar shi a ɗaki. Yau aikin ƙasa za mu yi.

Ruwa yana da nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tafki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, idan ruwa ya kai santimita 75 a cikinsa, ya ci lita 4,500. Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 sau 180 ke nan, ko ku ce nauyin buhun siminti 90. Idan ƙasar ta karkata, wannan nauyin zai jingina a bango ɗaya, ƙarfe ya lanƙwashe, tampol ya yage, ruwa ya shiga ɗakin amarya.

To, a daidaita ƙasa. Ido ba ya auna ƙasa. Tsakar gidan da kuke gani shimfiɗe kamar faranti, da gangan magina suka karkata ta don ruwan damina ya bi ta rariya.

Ga yadda ake awo. Ku kafa turke huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Ku sami siririn tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, irin na magina, ku cika shi da ruwa har kumfar iska ta fita duka. Mutum biyu ake bukata. Na farko ya jingina bakin tiyon a turke na ɗaya, ya yi alama da gawayi daidai inda ruwan ya tsaya. Daga nan ba zai motsa ba. Na biyu ya kai ɗaya bakin turke na biyu. A jira ruwa ya natsu, na farko ya tabbata nasa yana kan alama, sannan na biyu ya zana tasa. Haka na uku, haka na huɗu. Kada kowa ya toshe bakin tiyo da yatsa lokacin awo.

Yanzu ku ɗauki kara, ku auna daga kowace alama zuwa ƙasa. Inda awon ya yi gajere, nan ne tudu. Inda ya yi tsawo, nan ne kwari.

Tudun ake sarewa. Ba a cike kwari. Ku maimaita da bakinku: tudun ake sarewa, ba a cike kwari. Ƙasar da aka zuba sabuwa ba ta da ƙarfi, da ta ji nauyi sai ta lotsa, ku koma gidan jiya. Ku sa diga da shebur ku rage tudun har ya zo daidai da kwarin, ku daɓe, ku sake awo. In bai yi ba a karo na farko, ba komai, ba wanda aka haifa da iyawa. Ku sake.

Darasi na 2: Shimfiɗa da gwaji

Kun daidaita ƙasar? Da tiyo ko da ido? In da ido ne, ku koma darasi na 1.

Ku tsince tsakuwa, ƙusa, fasasshiyar kwalba da saiwar bishiya. Ku cire takalmi ku taka wurin, abin da ido bai gani ba tafin ƙafa zai faɗa muku. Ku baza lallausan yashi kaurin yatsu biyu, ku shimfiɗa tsohuwar leda mai kauri a kai. Yashin katifa ne kawai, ba da shi ake gyara karkata ba. Sannan a buɗe tampol, a zura ƙarafa, a sa guntun katako mai faɗi ƙarƙashin kowace ƙafa, a binne shi daidai da fuskar ƙasa.

Ku zuba ruwa kaɗan, iya gaɓar yatsa ɗaya, ku tsaya. Ku duba. Idan ya bazu ko'ina, madalla, ku shiga ku miƙar da tattarar tampol da ƙafa daga tsakiya zuwa gefe. Idan ya taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen a bushe, ƙasa ba ta daidaita ba. A kwashe, a naɗe, a sare tudun.

Na san da ciwo. Amma bara wani ɗalibinmu ya ga ruwa ya taru gefe guda, ya ce ai idan ya cika zai daidaita kansa. Ya biya 'yan garuwa wuni guda. Bayan la'asar ƙafa biyu suka durƙusa kamar raƙumi, kajin maƙwabta suka sha iyo. Ruwa ba ya gyara ƙasa, tona mata asiri yake yi. Ni na gaji da jin "Malam, ai kaɗan ne". In bambancin ya wuce inci ɗaya, ba kaɗan ba ne. Wanda ba zai iya haƙurin awo ba, ya mayar da kwalin shago tun da wuri.

Darasi na 3: Fayif da inji

A jikin tampol akwai ƙofa biyu. Ta ɗaya ruwa ke fita, ya bi ta injin tura ruwa da matatar da ke tace shi, ya dawo ta ɗayar. Takardar cikin kwali tana nuna wacce ce wacce da kibiya. Ku bi kibiyar, in ta shige muku duhu ku kawo takardar aji mu karanta tare.

Kowace ƙofa tana da zoben roba. Shi ke hana yoyo, kada ya ɓace. Ku ɗaure da hannu, ban da sifana, roba tana tsagewa. Ku sa makullin ruwa, wanda masu shago ke kira bawul, a bakin kowace ƙofa, don ranar wanke matata ku rufe ba sai tafki ya tsiyaye ba.

In tiyon da ya zo da shi ya yi gajere, ku tafi kasuwar Sabon Gari da bakinsa a hannu, a ba ku fayif ɗin roba daidai da shi. Ku yanke da zarto a miƙe, ku goge bakin, ku gwada haɗawa ba gam. In ya zauna, ku shafa gam a duka biyun, ku tura, ku ɗan murɗa, ku riƙe har ku ƙirga talatin. Kada ruwa ya bi sai washegari. Wurin da ke da zare ba a sa masa gam, farin tef ake naɗawa.

Inji ya zauna ƙasa da fuskar ruwa, a wuri mai daidai. Kafin a kunna, a buɗe bawul biyun, a sassauta ƙaramin murfin da ke samansa har iska ta fita ruwa ya ɓullo. In ya yi aiki ba ruwa, ƙonewa zai yi. A zare wayar wuta kafin yaro ya shiga.

Darasi na 4: Tsabta

A sa kulorin, maganin tsabtace ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robarsa. A rufe tafki da dare saboda ƙura da sauro. A wanke matata duk mako.

Darasi na 5: Yara

Babba ya tsaya a kansu. In an gama, a ɗauke tsani.